Nok: Tarihin Da Ke Kwance Ƙarƙashin Gonakin Citta

Akwai garuruwan da sunansu ya fi su girma, kuma Nok na cikinsu. Ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, wanda in ba an nuna wa baƙo mararrabarsa ba sai ya wuce bai sani ba. Amma da wuya a buɗe wani babban littafi na tarihin fasahar Afirka, a Landan ne ko a Faris, ba a ci karo da sunan Nok a babukan farko ba. Da sunan ƙauyen nan ake kiran wata al'umma da ta rayu a tsakiyar ƙasar da yau ake ce wa Nijeriya tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen nan sun gina siffofin mutane da na dabbobi da yumɓu suka gasa su, sun kuma narka tama sun fitar da ƙarfe. Siffofinsu na cikin mafi daɗewar manyan siffofi da aka sani a Afirka kudu da Sahara.

Sai dai abin da ya cika bakin duniya bai cika shiga kunnen 'yan gida ba. Duk shekara nakan tambayi sababbin ɗalibaina a jami'a wane ne ya taɓa jin sunan Nok, kusan kowa ya ɗaga hannu. In na ce wane ne ya san a wace jiha take, sai hannuwa su ragu. In na ƙara da cewa wane ne ya san abin da mutanen Nok suke ci, ko yadda aka yi aka san shekarunsu, sai aji ya yi tsit. Sun haddace sunan ne don jarrabawa, kamar yadda ake haddace sunan babban birnin wata ƙasa da ba a sa ran zuwa. Wannan ne ya sa a lokacin hunturu na ɗebi wasu daga cikin 'yan ajin ƙarshe muka tafi, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Daga Zariya muka tashi da sassafe. Mun fara yada zango a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, don ɗaliban su ga siffofin da idonsu kafin su taka ƙasar da aka tono su. Wanda ya saba ganinsu a hoto kaɗai yakan yi mamakin yadda suke kallon mutum. Idanunsu masu kusurwa uku ne ko masu kama da rabin wata, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da baki da kunnuwa, kuma hudojin nan sun taimaka wajen fitar da iska mai zafi lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Cikinsu a rarake yake, domin an gina su ne zobe bisa zobe kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗaga tulu. Kai yakan fi jiki girma. Ga kitso iri-iri, ga tukkaye, ga duwatsun wuya da na ƙugu da mundaye jere. Wani kai da aka samu a Rafin Kura kusa da Nok tsawonsa santimita 36 ne, ke nan cikakkiyar siffar ta haura mita guda. A cikin siffofin da aka sani akwai mai zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa kamar mai tagumi, akwai waɗanda aka nuna da ciwo a jiki, irin su tundurmi da karkacewar fuska. Maginan nan sun kalli mutum da kyau, da adonsa da lalurarsa.

Daga Kaduna muka kama hanyar Kachiya. Da aka yi nisa sai ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin da muka saba da shi a ƙasar Zazzau ta arewa ya ba da wuri ga tuddai da kwaruruka, itatuwa suka ƙara kauri, manyan duwatsu suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya cikin hazo. Tun kafin mu isa Kwoi ƙamshin citta ya shigo mota. Ƙasar nan ita ce cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma da yake lokacin girbi ne, ko'ina ka duba an tsaga ta an shanya a kan falalen dutse da gefen titi, mata da yara suna juya ta. Kwoi ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar, nan ne kuma fadar Kpop Ham, sarkin al'ummar Ham waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Harshensu Hyam ne, amma da Hausa muka yi ciniki, da ita muka tambayi hanya, da ita aka yi mana maraba. Daga Kwoi zuwa Nok ba nisa. Ƙauyen na zaune a gindin duwatsu, gonaki sun kewaye shi, ga ɗan ƙaramin gidan tarihi da ke karɓar baƙi.

Kuza ce ta tono Nok. A zamanin Turawa kamfanoni sun bazu daga Jos zuwa wannan yanki suna wanke ƙasar bakin rafuka don neman ta. A 1928, a wani wurin haƙa kusa da ƙauyen, leburorin wani Bature mai suna Dent Young suka ci karo da ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san matsayinsa. Bayan shekara 15, a 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jema'a ya tsinci wani kai mai kyawun gaske, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi a matsayin mutum-mutumin tsorata dabbobi, ya yi kusan shekara a can. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin binciken kufai a Jami'ar Kambirij. Shi ne ya lura cewa kan Jema'a da na Nok salon gini ɗaya ne. Ya bi wuraren haƙa yana roƙon ma'aikata su riƙa ajiye duk abin da suka tono, ya tara siffofi da dama, ya laƙaba wa al'ummar sunan ƙauyen da aka fara samu. Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 aikinsa ne.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu a nan. Na farko, Nok sunan aro ne. Sunan da mutanen suke kiran kansu da harshen da suke yi sun tafi tare da su, kuma kayansu ba a ƙauyen kaɗai suke ba. An same su daga yammacin tsaunukan Jos har kewayen Abuja, har Katsina-Ala a kudancin kogin Binuwai. Na biyu, siffofin farko duk a cikin ƙasar da ruwa ya kwaso ya tara aka same su, wato ba a inda masu su suka ajiye su ba. Shi ya sa aka daɗe ana da kawuna ba a da labarinsu. Sai a shekarun 1960, da Fagg ya yi tono irin na ilimi a Taruga kusa da Abuja, aka sami siffofin tare da murahun narka tama, aka auna gawayin da ke ciki da awon sinadarin kabon, ya nuna ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). 'Yarsa Angela Fagg ta tona wani mazauni a Samun Dukiya. Masanin Nijeriya Joseph Jemkur ya ci gaba da bibiyar al'amarin, ya fitar da littafi a kansa a Zariya a 1992.

Babban ci gaban ya zo ne daga 2005, lokacin da Farfesa Peter Breunig da Dakta Nicole Rupp na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus suka fara aiki tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'in Jos da Zariya, suka kafa sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Abin da suka gano ya cancanci a karantar da shi a kowace makaranta. Sun nuna cewa al'ummar ta fara ne tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), manoma ne masu zama a ƙananan gidaje warwatse. Siffofin yumɓu sun bayyana a wajen shekara ta 900, narkar ƙarfe ta biyo baya, aƙalla tun wajen shekara ta 500, sa'annan al'adar ta shuɗe a kusa da farkon ƙidayar Miladiyya. Daga ƙonannun ƙwayoyi da aka tace daga ƙasa aka san abincinsu: gero da wake da atile. A 2021 masana daga Jami'ar Biristol da ta Frankfurt suka binciki tsingaro sama da 450, suka sami alamar kakin zuma a jikin wasu, shaidar cewa ana cin zuma a nan tun shekara 3500 da suka wuce. Wani binciken da ya biyo baya ya nuna ana dafa ganyaye a tukwanen.

Da na zayyana wa ɗalibai wannan a ƙarƙashin wata bishiya a bakin ƙauyen, wata daga cikinsu ta yi dariya ta ce, "Malam, ashe tuwon gero da miyar ganye ba yau aka fara ba." Maganarta ta fi duk laccar da na yi. A daidai lokacin ne mutanen Nok suka tashi daga zama suna a takardar jarrabawa, suka koma mutane masu surfe da niƙa da hura wuta. Abin lura kuma shi ne babu ko ɗaya daga cikin bayanan nan da ya fito daga kyakkyawan kan da ake ɗauka hoto. Daga gawayi suka fito, da tsingaro, da dutsen niƙa, da ƙonannen gero, da kuma sanin wane abu ne ke kusa da wane, wane ne a sama, wane ne a ƙasa.

Hatta amsar babbar tambaya, wato me ake yi da siffofin, a jikin ƙasa take. Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi, don haka ba a sami ƙasusuwan mutanen ba. Amma a wurare irin su Ifana da Pangwari masu bincike sun tarar da duwatsu da aka jera da gangan, ga tukwane cikakku, ga duwatsun wuya a jere kamar suna wuyan wani, abin da ya sa suka fahimci kaburbura ne. A kusa da su kuma aka sami siffofin a farfashe, an tara gutsattsarin a ramuka. Wannan ya sa ake ganin siffofin na da alaƙa da jana'iza da tunawa da magabata, kuma fasa su wani ɓangare ne na al'adar. A Pangwari har an sami siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki suna tuƙi. Duk wannan an san shi ne saboda an tarar da wuraren yadda masu su suka bar su, aka tona a hankali da ɗan cokalin gini da burushi, ana aunawa ana rubutawa.

Washegari wani dattijo ya raka mu wani tudu da ke da ɗan nisa da ƙauyen. Tun daga gindinsa muka fara ganin ramuka, wasu ciyawa ta rufe su, wasu bakinsu a buɗe, sun yi wa tudun zane kamar fuskar da agana ta ci. A bakin kowane rami ga tsingaro a zube, ga gutsuren dutsen niƙa, ga wani abu da ɗaya daga cikin ɗaliban ya ɗauka ya juya sai ga shi gutsuren hannu ne na yumɓu. Dattijon ya ce tun yana da ƙarfinsa aka yi wannan aiki, lokacin da fatake suka riƙa zuwa da kuɗi suna ɗaukar samari haya. Na ce masa, "Baba, to su tukwanen da gawayin da aka tarar fa?" Ya ce, "Malam, kai ake saya. Wa zai ba ka ko sisi a kan fasasshiyar tukunya?"

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da aka sani. A tsakiyar shekarun 1990 an yi gagarumin tonon sata a wannan yanki, musamman wajejen Kawu da Kubacha, aka yi ta fitar da siffofi zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Masu binciken Frankfurt sun ba da rahoton cewa mafi yawan wuraren da suka rubuta sun tarar an riga an tona su. Asarar kuwa ta wuce ta siffar da aka ɗauke. Mai tonon sata yakan birkita ƙasar da ta yi shekara 2500 a jere, ya haɗa na sama da na ƙasa, ya watsar da gawayin da za a auna shekaru da shi, ya tarwatsa jerin duwatsun da ke nuna kabari. Kan da ya fitar zai iya kai wa wani ɗakin baje koli mai fitilu, amma ya zama kamar ruwaya marar isnadi: ba a san daga ina ya fito ba, ba a san da me aka same shi ba, ba a ma da tabbacin na gaske ne, domin kasuwar ta cika da jabu da waɗanda aka harhaɗa daga gutsattsarin siffofi daban-daban. Siffofin yumɓu da ake dangantawa da Sakkwato da Katsina sun fi shiga wannan hali, don kusan duk abin da duniya ta gani nasu ta hannun masu tonon sata ya fito. Haka aka yi wa kufan Bura a Jamhuriyar Nijar.

Ba na ganin adalci ne a ɗora laifin duka a kan saurayin ƙauye mai riƙe da diga. Shi ne ya fi kowa wahala a cinikin, shi ne kuma ya fi kowa samun kaɗan. Manomin da cutar da ta afka wa citta a 2023 ta cinye masa gona, ga kuɗin makaranta ga na asibiti, in wani ya zo da kuɗi a hannu ya ce a tona masa tudu, wa'azin kishin tarihi kaɗai ba zai tsayar da shi ba. Hausawa sun ce ba ɓera da ɓarna ba, daddawa ma da wari, kuma warin yana can inda ake saye. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, siffofin Nok na ciki. A shekarar ce kuma aka baje siffofin Nok biyu a gidan tarihi na Louvre a Faris, waɗanda Faransa ta saya tare da na Sakkwato ɗaya daga hannun wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da irinsu ba izini. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027, kuma ya dace 'yan ƙasa su ji abin da za a yanke a kai.

Duk da haka, kada maganar dawo da kaya ta shagaltar da mu daga abin da ya fi gaggawa. Mun ga yadda Jamus ta miƙo wasu daga cikin kayan tagulla na Benin a Abuja a ƙarshen 2022, abin farin ciki ne. Amma kayan Benin an san fadar da aka kwashe su, an san shekarar, 1897, kuma masarautar na nan da masu ba da tarihinta. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, ba su bar maroƙa ba, ƙasa ce kaɗai mai ba da shaidarsu. Ana iya dawo da kai a jirgin sama, amma ramin da aka birkita ba ya komawa yadda yake har abada. Don haka kowane tudu da ya rage ba a taɓa ba ya fi kawuna goma da ke Turai daraja a wajen mai neman sani.

Doka tana nan. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi, kuma Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono ba izini, ta hana saye da sayarwa, ta wajabta kai rahoton abin da aka tsinta. Sai dai tarar da ke cikinta da nairar wancan zamani aka yanka ta, kuma doka a takarda ba ta gadin tudu da dare. Ga kuma rashin tsaro da ya zo ya ƙara dagula lamarin. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a yankin Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono ya tsaya daga nan. Mutum biyun nan da suka rasa rayukansu sun isa amsa ga duk mai cewa talakan ƙauye bai damu da wannan aiki da masu yin sa ba.

Akwai ma wani misalin da ke ƙarfafa gwiwa. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da katako a can ƙasa. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai labari ga dagaci, labari ya kai ga hukuma. Da masana suka fito da shi a 1994 sai ga kwalekwale mai shekara kusan 8000, mafi daɗewa da aka sani a Afirka. Da mutumin nan ya yi shiru, da babu wanda zai san shi. Wanda ke zaune a kan ƙasa shi ne mai gadinta na farko, in an ba shi dalili da daraja.

To mene ne abin yi? Na farko, a ƙidaya wuraren da suka rage, a shata iyakarsu, a zauna da masu gonakin da sarakunansu a yi yarjejeniya a rubuce: noma na sama ya ci gaba, tono mai zurfi ya tsaya, wanda aka hana amfani da wani yanki na gonarsa a biya shi diyya. Na biyu, a ɗauki masu gadi da 'yan rakiya daga cikin 'ya'yan garuruwan, a horar da su, a biya su albashi a kan kari. Waɗanda suka taɓa yin tonon ma sun fi kowa sanin inda kayan suke, gara a jawo su cikin aikin. Na uku, a sabunta dokar 1979, a tsananta hukuncin dillali da mai fitarwa, a kuma sanya lada bayyananne ga wanda ya kai rahoto. Na huɗu, duk kamfanin da zai yi titi ko haƙar ma'adinai ko fasa dutse a yankin a wajabta masa kiran masana kufai su duba kafin katafila ta shiga, domin abin da ɗan diga ke ɓatawa a wata guda ita a sa'a ɗaya take share shi.

Sai babban al'amari, wato ilimantarwa, wanda shi ne dalilin adanawar tun asali. Abin da Nok ke buƙata ya wuce akwatin gilashi da kai a ciki. A zaɓi wuri guda da aka tona bisa ƙa'ida, a yi masa rumfa, a bar bangon ramin a buɗe yadda yaro zai ga ƙasa hawa-hawa, a nuna masa inda gawayi yake, inda tukunya take, inda aka jera duwatsu, a bayyana masa yadda aka san shekarunsu. A gina kwatankwacin murhun narka tama, a gayyato maƙera da masu ginin tukwane su nuna sana'arsu. Yaron da ya ga haka ya koyi tarihi, ya koyi kimiyya, ya kuma koyi cewa magana sai da hujja. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010, aka shafe shekaru kafin a maido shi. Yanzu da ya dawo, malaman da za su koyar da shi na buƙatar wurin da za su kai ɗalibai, su ma kansu suna buƙatar a kai su.

Harshe ma na cikin matsalar. Kusan duk abin da aka gano game da Nok yana cikin littattafai da mujallu na Turanci da Jamusanci masu tsada. Babban baje kolin sakamakon binciken ma a Frankfurt aka fara yin sa a 2013, abin da wasu masana kufai na Nijeriya suka yi ƙorafi a kai, kafin a dawo da kayan gida. Manomin da aka tona gonarsa yana da haƙƙin ya ji abin da aka samu a cikinta da harshen da yake ji. Wannan aiki namu ne, mu malaman jami'a: ƙananan littattafai da Hausa da Hyam, shirye-shiryen rediyo, allunan bayani a wuraren da kansu. Jami'o'in Zariya da Jos da Ibadan da Nsukka duk suna koyar da ilimin kufai, ɗalibansu kuwa na neman filin koyon aiki, ga fili nan yana jiran su.

Na san akwai mai cewa me ya haɗa mu da gumaka. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ma ya yi wannan tambaya, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa cikin mutunci. Ajiye abu don nazari daban, girmama shi don bauta daban. Babu wanda ke zuwa Nok don ya durƙusa wa yumɓu. Ana zuwa ne don a san yadda waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan suka yi noma, suka sarrafa wuta da ƙarfe, suka binne matattunsu, suka kuma shuɗe. Akwai kuma fa'ida ta musamman ga Jihar Kaduna, inda aka daɗe ana ja-in-ja a kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mutanen Nok sun riga duk sunayen ƙabilun da muke tinƙaho da su a yau, babu wanda zai ce nasa ne shi kaɗai, babu kuma wanda za a ce ba ruwansa. Yaran Zariya da na Kwoi da na Kafanchan za su iya tsayawa a bakin rami ɗaya su kalli ƙonannen geron da aka girbe shekara 3000 da suka wuce, kowa ya gane abincin gidansu.

Ƙasar ta riƙe amanar nan fiye da ƙarni 25, ruwa bai cinye ta ba, gara ba ta taɓa ta ba. Mafi yawan ɓarnar a cikin shekaru 30 ɗin nan aka yi ta, a zamaninmu, muna gani. Har yanzu akwai tuddan da diga ba ta kai gare su ba, manoma na shuka citta a kansu kowace damina. Ko jikokinmu za su tarar da su da labarinsu cikakke, ko kuwa ramuka za su tarar da hotunan kawunan da ke ƙasashen wasu, wannan ya rataya ne a kan abin da gwamnati da sarakuna da jami'o'i da mutanen garuruwan za su yi a 'yan shekarun nan. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.